Tutar Gidan Su Torunn

Ranar da Torunn ta fara ganin Sindre, cukun awaki ta kai wa jirgin ruwan da ke yawo da baƙi a gaɓar arewa. Shi ne jagoran baƙin, yana ba su labarin mayaƙan teku na dā, sai ya nuna tudun kabarin da ke gonar su Torunn, ya ce sarki ne kwance a ciki.

Ta sunkuyar da kai. "Ba sarki ba ne. Kakanmu ne, makiyayi."

Ya yi dariya, ya sa mata suna Sarauniyar Awaki. Daga nan, duk sanda jirgin ya kutso tsakanin duwatsu, wayarta sai ta yi ƙara: "Sarauniyata, ɗago hannu, ina kallonki."

Amma da maganar aure ta taso, Baba ya ce a'a. Ita ce 'yar fari, gonar kakanni tata ce, ba zai miƙa ta ga mai kwana kan ruwa ba alhali ga Halvard, ɗan maƙwabta. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da shi. Torunn ta roƙi Sindre kada ya kira sai ta neme shi. Ba ta faɗi dalili ba, don ba ta iya doguwar magana ba.

Baba ya rasu da kaka. Ranar jana'iza aka sauke tutar gida zuwa rabin sanda, da aka dawo daga binnewa Mama ta ja ta har sama, kamar yadda ake yi. Dangi sun cika tsakar gida, Halvard na gefen Torunn. Daidai lokacin jirgin ya wuce, kuma a yankin, ranar ɗaurin aure ma haka ake ja tuta sama.

Saƙo ya shigo: "Na ga tuta a sama, na ga taro, na gan ki da Halvard. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Ta kira, ta sake kira. Ya toshe lambarta.

Da hunturu jirgin ba ya shigowa mashigin tekun ƙauyensu. Ƙanƙara ta rufe hanya, duwatsu suka tare rana. Torunn ta rame, tana tatsa tana kuka. Halvard ya nemi aurenta, har ta kusa amsawa don gajiya.

Mama ce ta miƙo mata rigar sanyi. "Uba kin riga kin rasa, kada ki rasa Sindre ma. Tashi ki je garin Ålesund, can jirgin yake tsayawa."

Cikin ruwan sama ta jira shi a tasha. Ya sauko, shi ma duk ya zube, idonsa kan yatsunta yana neman zoben aure.

"Ina angon naki?"

"Babana muka binne ranar, Sindre."

Ya zauna kan jiƙaƙƙiyar igiya. "Ni kuma na yi miki murna."

"Ka yi."

Ya ɗago ya dube ta. "Sarauniyata, awakinki za su karɓi wanda bai iya tatsa ba?"

"Za su harbe ka tukuna," ta ce, tana share hawaye.

Da bazara aka ɗaura aurensu a tsohon cocin katako, Mama ta dafa kawunansu ta sa albarka. Sindre da kansa ya ja tutar har sama. Da jirgin ya zo wucewa ya busa musu ƙaho, Torunn ta waiwayi kabarin Baba, sannan ta ɗaga hannu.