Ƙoƙon da Apakuki Ya Shanye

Magariba ta kawo jiki, tifofin yashi sun daina kai-kawo a bakin kogin Navua. Apakuki na zaune gaban rogo da kifi, ya kasa kai loma, idonsa na kan sabon rufin gidan ƙanensa Ilaitia. Tun da kamfani ya faɗaɗa ramin yashi da tsakuwa zuwa gonar ƙanen, aka biya shi kuɗi, aka tsallake tasa gonar, hassada take cin ransa. Shi ne fa babba!

Sai tsakuwa ta faɗo kan kwanon ɗakinsa. Wata ta biyo. Ya fita, babu kowa, tsakuwar kuwa jiƙe sharkaf, ga shi ba a yi ruwa ba.

Haka kowace yamma. Daga nan 'yarsa Salanieta ta daina magana, ta daina cin abinci. Sai ta tafa sau ɗaya ta miƙa hannu biyu, yadda ake yi in za a karɓi ƙoƙon yangona, jiƙon saiwar da ba a zama sai da shi. Ta rame kamar sillen kara.

Aka ɗauko Bubu Torika, tsohuwa mai magani. Ilaitia ma ya zo. Tsohuwa ta dama yangona a akushi, ta daɗe tana duban yarinyar.

"Wane ne kai a jikin jikata?"

Muryar tsoho ce ta fito daga bakin yarinyar, a dishe. "Mai bakin kogin. An ba direban katafila ƙoƙo, an ba ɗan kamfani. Ni da aka ƙwaƙule wa makwanci, ko ɗigo! Sun fi ni ne?"

"Ai ranar fara haƙa an ba babbanmu ƙoƙon farko ya zuba maka a ƙasa," in ji Ilaitia. "Ko ba haka ba, Yaya?"

Apakuki ya sunkuyar da kai. A ranar zagayawa ya yi bayan itace ya shanye, don masifa ta sauka a gonar ƙanensa. Ashe mai bakin kogin ba gona yake bi ba, cikin da ya sha yake bi.

"Yarinyar zan ɗauka," in ji muryar.

Tsohuwa ta ce, "Haba, dattijo! Yarinya sukutum a kan ƙoƙo ɗaya? Ga akushi cike."

"Ban karɓa daga hannun babban. Daga yau ƙaramin ne zai riƙa zuba min. Wannan ya koma bakin ƙofa, ya sha a ƙarshe, har ya mutu."

Apakuki ya ji kamar ya haɗiyi zuciya. Ya dubi ƙasusuwan wuyan 'yarsa, ya tashi daga saman tabarma, mazaunin babba, ya wuce ƙanensa a duƙe, ya zauna bakin ƙofa.

Ilaitia ya zuba ƙoƙon a ƙasa. Yarinyar ta yi atishawa, ta zube. Can ta buɗe ido, ta nemi ubanta a inda ya saba zama.

"Baba," ta ce, "me kake yi a wurin yara?"