Sallamar da Saminu Ya Goge

Adama, aminiyata, matso kusa. Kin sha tambayata abin da ya ɗauke wa Rahmatu matar Saminu mai fiyano dariyarta. Yau zan faɗa miki, don katanga ce kawai tsakanina da su, kuma Allah ya sani ba zan ƙara komai ba.

Lokacin da aka fara shari'ar Musulunci a jihar nan, makaɗan gargajiya suna ta rataye kayansu, a lokacin ne Saminu ya kama ɗan shago a bakin kasuwar Daura, ya ajiye fiyano da kwamfuta. Aikinsa shi ne ya yanko gutsuren sauti, ya sa na'ura ta yi ta maimaita shi, ya ɗora masa ganguna na lantarki. Ya daɗe yana haɗa wa 'yan biki kiɗa ba wanda ya san sunansa, sai wata waƙa guda ta ɗaga shi. Daga Dutsi har Kongolam babu mai shayin da ba ya kunna ta. Rahmatu kuwa ba ta taɓa tsayawa ta saurare ta ba. A guje waƙar take, ƙarar ganguna ta binne komai.

Wata rana da almuru tana kwasar tuwo, 'yarsu Khairunnisa tana wanke-wanke a bakin rariya. Ladan ya gama kiran salla. Kajin da ke shirin hawa akurki suka yi tsit. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki, ya gangaro, ya tsaya daidai ƙafar Rahmatu. Ta ɗauka ta ji shi da ɗumi, kamar daga hannun mutum ya fito. Ta leƙa waje, layin ba kowa, duk an shiga masallaci.

Daga ranar, kullum rana ta faɗi sai an yi jifa. Aka fara jin guna-guni a zaure, a duba ba kowa. Saminu ya ce mahassada ne, ya ci gaba da fita shago. Har yammacin da Khairunnisa ta ajiye kwano, ta zauna a ƙasa ta fuskanci arewa, yatsun damanta suna bugun gwiwarta. Ta fara rera wani abu a hankali, da muryar da ba ta yarinya ba.

Ludayi ya suɓuce daga hannun Rahmatu. Kiɗan mahaifinta ne.

Ya'u mai garaya na garin Babban Mutum shi ya haife ta. Ya yi wa masu bori kiɗa har tsufa, sannan ya tuba, ya tsinke tsirkiyarsa da hannunsa. Gab da rasuwarsa Saminu ya yi ta roƙonsa ya kaɗa sau ɗaya a ɗauka a kaset, wai don jikoki. Tsohon ya ƙi. Rahmatu ce ta durƙusa ta ce, "Baba, ni na tsaya masa. Ba zai fita da shi ko ƙofar gida ba." Don ita ya sake ɗaura tsirkiya. Da ya gama ya ce musu, kowane take yana da kira, yana da sallama, kuma ba a raba su.

Da Saminu ya dawo ya tarar da yarinyar a haka, Rahmatu ta dube shi ta ce, "Baban Khairu, ina kaset ɗin Baba?"

"Yana nan a ajiye," in ji shi, idonsa a ƙasa. "A kira malam tukuna."

Malam Harisu ya zo washegari bayan la'asar, dattijo marar yawan magana. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a rumfa, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwa ta cika gidan, iska ta tsaya cik. Can sai Khairunnisa ta ɗago kai, idanunta a buɗe amma ba ta kallon kowa.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, kuma me ya kawo ka jikin baiwar Allah?"

"Kawo ni aka yi. Ya'u in ya kira ni, yakan sallame ni in koma inda na fito. Wannan kuwa," yatsan yarinyar ya nuna Saminu, "ya yanke kiran ya zuba a ƙarfe. Kira, kira, kira. A tasha, a kasuwa, a gidan biki. In zo, a sake kirana ina tsaye. Ban huta ba tun da waƙar nan ta fita. Na biyo jinin Ya'u in ji dalili."

Rahmatu ba ta yi kuka ba. Ta juya ta kalli mijinta, shi kuwa ya ce, "Wallahi Rahma ɗan gutsure ne. Ko ke ba ki gane shi ba."

"Sunan wa ka sa a kai?"

Ya kau da kai, don sunansa ya sa.

Malam ya ce, "Wanda ya cuce ka daban, yarinya daban. Fita."

"A yanka min baƙin bunsuru."

"Ba a yanka sai don Allah."

"To a bar min ita zuwa kaka."

"Ko zuwa isha'i ba za a bar maka ba." Ya ɗaga murya da karatu, jikin yarinyar ya hau karkarwa har haƙoranta suna haɗuwa.

"Tsaya! A sallame ni kawai. A kunna ƙarshen, in tafi."

Duk suka juya ga Saminu. Ya share gumi ya ce, a hankali, ƙarshen jan jiki yake, ba a rawa da shi. Da ya kwashe abin da yake so, sai ya ɗauki tallan wani maganin basir a kan kaset ɗin.

Adama, kiɗan ƙarshe na mahaifin Rahmatu ke nan.

Muryar ta yi wata dariya mai sanyi. "To ina nan ke nan."

Rahmatu ta tashi. Tun tana ƙarama take jin wannan sallamar daga bayan zana, kuma tun da ta yi hankali ba ta taɓa yarda ta hau bakinta ba. Ta dubi Malam Harisu. Bai ce a yi ba, bai ce a bari ba, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da karatunsa. Ta durƙusa gaban 'yarta, ta ce astagfirullah, ta riƙe yatsun nan masu bugun gwiwa, ta rera. Ba ta ɓata ko gaɓa ɗaya ba. A hankali yatsun suka saki.

"'Yar Ya'u," in ji muryar, ta yi ƙasa sosai, "na bar miki 'yarki. Amma waƙar tana gari. Duk inda aka kira ni ba sallama, nan na san hanya."

Khairunnisa ta yi atishawa mai ƙarfi, ta faɗa jikin uwarta, ta ce, "Umma, ƙishirwa nake ji."

Saminu ya ƙone faya-fayan da ke shagonsa, amma waɗanda suka bazu wa zai tattaro su? Har yau yana haɗa kiɗa, har yau ana kiransa da sunan waƙar nan, yana amsawa. Rahmatu tana dafa masa, tana yi masa sannu da zuwa. Rannan ƙanen Saminu ya zo neman ta sa masa baki a wata magana, ta ce, "Ni na daina tsaya wa kowa."

In kin gan ta a hanya, mai shayi ya kunna waƙar, za ki ga ta tsaya cak, leɓunanta suna motsi a ƙarƙashin hijabi. Mutane suna cewa baiwar Allah ba ta rabuwa da tasbihi. Sallama take yi, sai ta kai ƙarshe sannan ta bi da istigfari.

Don Allah, Adama, ki bar shi a cikinki. Khairunnisa ba ta san komai ba, kuma an fara zuwa neman aurenta. Kada ki gaya wa kowa.