Finjali na Bakwai

"Ɗauko akwatinki, Gadir, mota na waje!" in ji yayana Talal, ko zama bai yi ba.

"Yaya, rage murya, mijina na jinka."

"Wane miji? Wata goma sha huɗu ke ce ci, ke ce wanka. Baba ya ce ki dawo Karak yau, kafin ƙuruciyarki ta ƙare a jinya."

Mijina Ziyad na zaune, ido a bango. Tun da motarsa ta kife a hanyar Akaba ya yi kwana ashirin a sume, ya farka da ƙafa da harshe lafiya lau, amma sha'awar komai ta tafi. Surukata ta ce sammu ne, Talal ya ce lalaci. Likita kuwa ta ce gaban ƙwaƙwalwarsa ne ya bugu, inda niyya ke tasowa. Ba baƙin ciki yake yi ba, ba ƙina yake yi ba. Wallahi da ƙiyayya ce, da ta fi min sauƙi.

"Gwada shi mana," in ji Talal. "Ce masa za ki tafi."

Na durƙusa. "Masoyina... zan koma gidanmu. Ba zan dawo ba."

"To," ya ce.

Na share hawaye na ɗauko gahawa, don ko yayana ne ba ya fita gidana bai sha ba. A wurinmu in ka ƙoshi sai ka girgiza finjali, in ba haka ba a yi ta ƙara maka. Talal ya sha ɗaya ya girgiza.

Na zuba wa Ziyad. A da ɗaya yake sha ya girgiza, yana tsokanata wai gahawata ta fi faɗan uwarsa ɗaci. Yau ya shanye ya miƙo. Na ƙara. Uku... biyar... ina jiran ya girgiza, ina roƙon Allah. A na bakwai gahawar ta yi masa yawa, amma ya sake miƙowa.

Sai na kama hannun da nawa biyu, na girgiza masa finjalin.

"Gadir, rana na yi," in ji Talal, muryarsa ta yi sanyi.

"Ka gaida Baba, Yaya. In na tafi, wa zai girgiza masa?"