Burodin Kwana Uku

Da faɗa Auta ta shiga babban kantin, ta dire burodi a gaban saurayin da ke jera kaya a kanta.

"Malam, dubi abin da kuke sayar wa mutane. Shekaranjiya na saye shi."

Ya ɗaga ledar ya duba. Fumfuna ce kore-kore ta cinye gefe guda. Ya karanta kwanan watan da ke jiki, ya ga da saura, sannan ya ɗago ya dube ta. To, wannan kallon ne ya jawo duk abin da ya biyo baya.

"Ranki ya daɗe, a ina kika ajiye shi?"

"A saman firji."

"A ɗaure cikin ledarsa?"

"To da a buɗe zan bar wa kyankyasai?"

Ya yi murmushi. "Saman firji ɗumi gare shi. Burodinmu kuma yankakke ne, ga laushi ga danshi. Leda ta riƙe danshin, ɗumi ya samu, ita kuwa fumfuna abin da take nema ke nan. Amma kawo in canza miki, kada a ce mun ɓata da kyakkyawar kwastoma."

Ta harare shi, amma ta karɓa. Abin da ba ta gaya masa ba shi ne ɓoye burodin ta yi a can. Babanta shekara talatin yana gidan burodi kafin manyan kantuna su janye masu saye a rufe wurin, kuma tun daga ranar burodin kanti bai sake shiga gidansa da saninsa ba. Shi ke gasa na gida da kansa. A makon ne ciwon hannu ya hana shi kwaɓi, ita kuwa ba ta iya shan shayi haka nan.

Bayan kwana biyu sai ga ta ta dawo sayen sabulu. Washegari ashana. Sabulu dai ba a layin burodi yake ba, amma ƙafa ta san inda zuciya ta aike ta. Kafin wata ya ƙare lambarsa na wayarta, ta sa masa suna Mai Fumfuna.

"Rabin raina, yau na jera burodi ɗari biyu, kowanne na ɗauka sai in tuna hararar nan taki."

"Ka dai kula da aikinka, kada a kore ka in rasa mai canza mini kaya."

Ranar da Mama ta kai wa Baba maganar aurensu, Auta na laɓe a bayan labule.

"Mai jera burodin kanti?" in ji Baba. "Waɗanda suka rufe mini sana'a, su zan ɗauki 'yata in ba? Ga ɗan abokina nan kullum yana zarya da jar motarsa, me ya rasa?"

Mama ta yi ta lallashi har sati guda. Da ƙyar da siɗin goshi ya sauko, amma da sharaɗi. Kowanne a cikin su biyun ya kawo burodin da ya gasa da hannunsa, a ajiye a kan kabad ɗin falo kwana uku, sannan a zo a yi magana. Ya juya ga Auta.

"Ke kuma ba koyarwa, ba taɓawa. Kin yi mini alkawari?"

"Na yi, Baba."

Daga nan Mai Fumfuna ya yi ɗif. Saƙo sai ɗaya a yini, shi ma gajere. Ana cikin haka ƙawarta ta kawo mata tsegumi, wai kullum bayan ya tashi aiki ana ganinsa yana hawa benen wata mata, ba ya saukowa sai rana ta faɗi. Auta ta ci kuka ta ƙoshi, sannan ta rubuta:

"In ka sami wata ka faɗa mini, ba sai na ji a bakin duniya ba."

Amsar hoto ce. Wata dattijuwa riƙe da wani baƙin abu kamar bulo, tana dariya har da hawaye.

"Ga kishiyar taki, gwaggona ce, ita kaɗai ke da obin na gasa burodi a danginmu. Abin hannunta kuma gwajina na shida ne. Ki yi mini addu'a, abar ƙaunata, fulawa ta raina ni."

Kunya ta kama ta, amma tsoron ya ƙaru. Gwaji na shida, kuma bulo.

Ranar Litinin Mai Jar Mota ya riga zuwa. Burodinsa dogo, sumul, a naɗe cikin farin ƙyalle. Shi kuwa nata sai ga shi a guje, gumi sharkaf, da wani burodi mai karkataccen kai a cikin leda. Wannan ne na tara, kuma shi kaɗai ya tashi. Don murna, yana fitowa daga wuta ya ɗaure shi ya kamo hanya.

Auta na kallon ledar ta gane an yi ɓarna. Tururi ya taru a ciki, ɗigo-ɗigo yana gangarowa. Mutumin da ya yi mata lacca a kan danshi da leda, yau shi ne ya ɗaure burodi da zafinsa. Ai kuwa so yana sa mai ido makanta.

Baba ya jera su a kan kabad.

Kwanakin nan uku Auta ba ta ji daɗin abinci ba. Sau goma a yini tana goge kabad ɗin da ba ƙura. Kwance bakin ledar kawai za ta yi, iska ta shiga, shi ke nan. Ranar Talata har ta miƙa hannu, ba kowa a falon, sai ta tuna alkawari, ta janye ta koma ɗaki tana share hawaye. Safiyar Alhamis ta leƙa ta ga ɗigo uku kore a ƙasan burodin.

"Ya yi fumfuna," ta rubuta masa. "Ina tsoro."

"Zan zo duk da haka. Nawa ne, ba zan guje shi ba."

Da la'asar suka zauna a gaban Baba. Ya fara ɗaukar na Mai Jar Mota, ya matsa, ya shinshina, ya juya ƙasansa.

"Ma sha Allah, kamar yau aka yi shi. Minti nawa ka bar kwaɓin ya tashi?"

"Kamar... biyar haka, Baba."

"Biyar." Baba ya gyaɗa kai, ya juya ga Mai Fumfuna yana nuna masa shi. "Kai, ka san wannan burodin?"

Mai Fumfuna ya sunkuyar da kai. "Na san shi, Baba. Kullum da safe ni ke jera irinsa, marar yanka."

"Tun ranar Litinin ka gane shi. Me ya hana ka faɗa?"

"Nawa aka ce in kawo, Baba, ba a ce in tona na wani ba."

Mai Jar Mota ya tuna yana da wani uzuri, ya nemi takalmansa. Baba bai ko bi shi da ido ba. Ya kwance ledar, ya nuna koren ɗigon da yatsa.

"Wannan fa?"

"Laifina ne. Da zafinsa na ɗaure."

"Shekara talatin ina koyar da yara, babu wanda bai yi wannan kuskuren ba. Ni nawa tire guda ne, maigidana ya kusa korata. To gaya mini gaskiya, da na kanti da na gida wanne ya fi araha?"

"Na kanti, Baba. Kafin in sami wannan ɗayan, abin da na ƙona ya isa sayen goma."

Baba ya yi dariyar da rabon Auta da jin ta tun kafin a rufe gidan burodi.

"Don ɗaya-ɗaya kake gasawa. Wutar da za ta gasa ɗaya ita za ta gasa huɗu, a ci ɗaya a sa uku a firiza. Ka zo ranar Asabar in nuna maka, hannuna ya gaji da murza. Kuma ka ce wa manyanka ina jiransu."

A bayan labule Auta ta zame ta zauna a ƙasa, Mama na dafa kanta.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Cikin kayan da aka kai ɗakin amarya har da tsofaffin gwangwanayen burodin Baba guda huɗu, baƙaƙe wuluk, waɗanda ko Mama ba ya bari ta wanke, da ragar da ake shanya burodi ya huce. Da kansa ya miƙa wa angon.

"Ga 'yata, ga kayan aikina, ba ni da abin da ya fi su. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Suka amsa da amin, Auta na kuka tana dariya. Har yau kuma a wayarta sunansa bai canza ba.