Ɗiyar Tani Mai Daddawa

Ranar da Mutawakkil ya fara ganin Mardiya, sito cike yake da masu ihu da masu dariya, ita kaɗai ke kuka.

Siton na mahaifinsa ne, marigayi Alhaji Ɗanmusa mai hatsi, manne da gidansu a Dutsin-Ma. Da hatsi ya ƙare, gini da ɓeraye aka bar masa gado. Shi mai gyaran waya ne a bakin tasha, amma yana da wata tsohuwar na'urar majigi da ya samo a gwanjo, da tarin finafinan ban tsoro na Turawa waɗanda suka girme shi, irin waɗanda in ka zuba ido sai ka hango ɗinkin rigar dodon. Kowace Asabar bayan La'asar sai ya toshe tagogi da buhuna, ya tayar da janareta, ya haska a bango. Kyauta ne. Ya taɓa cewa a riƙa biya, ranar nan shi da ɓerayen suka yi kallo.

Maza a dama, mata a hagu, igiya a tsakani. Kuma ba Turanci ake zuwa ji ba, bakin Mutawakkil ake zuwa ji. Bature zai faɗi tasa, shi kuwa ya riƙe makirfo ya sa masa, “Wayyo Inna, na baro takalmina a Zobe!” Mun ga finafinan nan har mun haddace, muna riga shi faɗin maganar, amma da ƙofa ta yi ƙara sai ka ga magidanci mai 'ya'ya bakwai ya damƙe gwiwar maƙwabcinsa. Ba sai an kama suna ba.

Ran nan fim ɗin wani dodon fadama ne. Da mutanen gari suka kashe shi aka yi tafi, Mutawakkil ya cire buhu ɗaya daga taga, haske ya sauka kan wata yarinya mai shuɗin hijabi tana share ido. Ya ɗauka gwanintarsa ce ta ratsa ta. Ya tare ta a bakin ƙofa, ita da ƙawarta Batula, wadda ya sani a unguwa.

“Malama, ki yi haƙuri in na tsorata ki. Roba ce, wallahi. Akwai mutum a ciki.”

“Na sani,” in ji ta. “Shi ya sa.”

“Shi ya sa mi?”

“Tun farkon fim ɗin ban ga wanda ya cinye ba. Fitowa kawai ya yi, aka hau shi da duka.”

Mutawakkil ya nuna fim ɗin nan ya fi sau ashirin, bai taɓa lura ba. Ya tsaya da baki buɗe, shi da baki ne jarinsa.

Batula ce ta ba shi lambar, bayan ya gyara mata waya ba ta biya ba. Sunanta Mardiya, tana karatun koyarwa a kwaleji, in an tambaye ta garinsu sai ta ce, “Wajen Kurfi,” ta canja magana.

Ya rubuta mata: “Salamu alaikum. Mai majigi ne. Na sake kallon dodon, kin yi gaskiya, bai ci kowa ba. Ina neman afuwa a madadin mutanen garin.”

Ta amsa: “Wa alaikas salam, Malam Dodo. Ba ni za ka ba haƙuri ba.”

“Lauyar dodanni, Asabar za ki zo?”

“In akwai wanda za a zalunta, zan zo.”

Haka aka fara. Wata huɗu yana zuwa zance gidan su Batula, inda take zaune. Yana kawo mata soyayyen kifin madatsar ruwan Zobe, tana gyara masa Turancin da yake murɗewa a majigi. Wata rana ya ce mata, “Lauyata, ni fa in ban ga shuɗin hijabin nan a hagu ba, fassarar ma ba ta fita.”

Ta sunkuyar da kai. “Kada ka saba da ni, Malam Dodo. Ba ka san ni ba.”

Ya yi dariya. Ya ɗauka jan aji ne.

Akwai fim ɗin da ya fi kowanne farin jini a siton, wanda muka sa wa suna Tsohuwar Bakin Rijiya. Wata tsohuwa ce a gefen gari, yara na ta mutuwa, daga ƙarshe a ɗauko wuta a ƙone bukkarta. Mutawakkil ya adana shi don ranar da zai burge Mardiya da kyau. A fassararsa kuwa tsohuwar tana da suna, Tani Mai Daddawa. Daga Dutsin-Ma har Kurfi ba yaron da ba a taɓa ce wa, “Yi shiru ko Tani Mai Daddawa ta lashe kurwarka” ba. Shi ma da sunan aka yi masa barazana yana ƙarami. Bai taɓa tambayar ko akwai ta ba.

Ran nan bakinsa ya yi zaƙi fiye da kullum. Tsohuwa ta leƙo ta taga, ya maƙe murya: “Ɗan yaro, zo ka sayi daddawa, kurwarka ce canji!” Sito ya ɗauka. Da aka cinna wa bukka wuta, benci-benci aka shiga rerawa, “Tani! Tani! Tani!” Yana cikin jin daɗin kansa ya ga haske ya tsaga duhu, ƙofa ta buɗe ta rufe. Wurin shuɗin hijabi ba kowa.

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Bayan Magariba saƙo ya shigo:

“Ka iya muryarta sosai, sai dai ita ba ta ɗaga murya haka. Tani Mai Daddawa ita ta haife ni. Na so in faɗa maka da bakina, na yi ta jin tsoro. Na gode da kifi. Kada ka sake zuwa.”

Batula ce ta ba shi sauran labarin, ba ta ko kalli fuskarsa ba. Shekara goma sha biyu da suka wuce, a wani ƙauye bayan Wurma, Tani ta shafa kan wani yaro a kasuwa. Da yamma zazzaɓi ya rufe shi, wuyansa ya sanƙare, yana sambatu yana kiran sunanta. Aka jawo ta gaban jama'a aka sa ta tsallake shi sau uku, wai ta saki kurwarsa. Da safe yaron ya cika. Mijinta ya sake ta, daddawarta ta ruɓe a faifai. Mardiya na da shekara tara, tana tsaye riƙe da ɗankwalin uwarta da ya faɗi.

“Manema biyu ta yi kafin kai,” in ji Batula. “Da an je bincike, shi ke nan. Amma su dai ba su sa an yi wa uwarta waƙa ba.”

Washegari ya hau babur ya nufi Kurfi, ya yanki hanyar Wurma. Duk wanda ya tambaya gidan, da leɓe yake nuna masa. Gidan na can ƙarshen gari, bayan gonaki. Ya tarar da wata 'yar ƙaramar mace mai furfura tana shanya daddawar da ba mai saye.

Ya durƙusa ya faɗi ko shi wane ne, da abin da ya yi, bai rage komai ba. Ta saurara har ya gama, ta shiga ɗaki ta fito da ruwa a kwanon sha. Ya karɓa. Sai hannunsa ya tsaya a hanya, ɗan tsayawa kaɗan, kamar ƙiftawar ido. Mutumin da ke gaya wa jama'a dodo roba ne. Ta gani.

“Sha abinka, ɗan nan,” ta ce. “Yau na ƙoshi.”

Kunya ta kusa kashe shi kafin maita. Ya shanye tas, ya nemi ƙari. Tani ta juya baya tana gyara faifan da ba ya bukatar gyara.

“Rabon da baƙo ya sha ruwa a gidan ga, tun Mardiya na ƙarama. Ni na yafe maka waƙa, na ji wadda ta fi ta. Amma in ba za ka iya ba, ka bar mini ɗiya tun yanzu. Kuka biyu ta yi a ɗakin can, ba ni son na uku.”

A gida kuwa, Hajiya Turai, mahaifiyarsa, ba ta bari ya kai aya ba. Mace ce da ake girmamawa, ita ke wankan gawar mata a unguwar shekara ashirin.

“A nono ake shan maita, Mutawakkil. Ni ban ce na gani ba, amma jikokina za a riƙa janye yara daga gabansu. Ga Surayya ɗiyar kawunka, mi ta rasa?”

“Hajiya, na sha ruwa a gidan. Ga ni.”

“To ka sha na ƙarshe. Da raina ba za a yi ba.”

Sati uku ba a yi majigi ba. Mardiya ba ta amsa saƙo ko ɗaya. Shi kuwa ya zauna da fim ɗin nan shi kaɗai, karo na farko ya kasa kunne ga abin da tsohuwar ke faɗa, yana tsayarwa yana duba ƙamus a waya.

Asabar ta huɗu ya sake haska shi. Lasifikar siton tana kai wa har tsakar gida, Hajiya ta san duk finafinan nan da kunne ko da ba ta taɓa ganin ɗaya ba. Ya san tana can tana tsintar shinkafa.

Tsohuwa ta leƙo ta taga, jama'a suka shirya dariya. Mutawakkil ya ce, da muryarsa ta kullum, “Kada ku sha ruwan rijiyar nan. Ni ma ita ta kashe mini nawa 'ya'yan.”

“Kai, ba haka take cewa ba!” wani ya yi ihu.

“Haka take cewa. Ni ne ban taɓa faɗa muku ba.”

Ya bi fim ɗin a haka har wuta ta ci bukka. Ba dariya, ba waƙa. Wasu suka fice suna cewa ko kyauta ce wannan cuta ce. Da ya ƙare bai ajiye makirfon ba.

“Tani Mai Daddawa mutum ce, tana nan da ranta. Na ci namanta a ɗakin nan shekara uku, ita ba ta ci na kowa ba. Na sha ruwanta, ga ni. Ɗiyarta nake so, in za ta yafe mini.”

“Bari dai mu ga gobe!” in ji wani daga baya. Mutum biyu suka yi dariya, suka ji su kaɗai ne, suka haɗiye.

Hajiya ta ji komai daga tsakar gida. Tuwon daren nan dai gishiri ya yi masa yawa.

Batula ta kai labari. Bayan kwana biyu saƙo ya zo: “Na ji abin da ka yi. Ka ɓata wa mutane kallo, Malam Dodo. Na yafe. Amma Hajiya uwa ce, kada ka saɓa mata saboda ni. Na san zafin a taɓa uwa.”

Haka suka zauna har damina ta yi nisa, ba aure, ba rabuwa. Sai wata Talata da hantsi wayarsa ta yi ƙara, saƙon Mardiya ne:

“Inna ta rasu da asuba. Maza sun yarda za su yi salla, amma mata sun ƙi shigowa. Ban iya wanka ba. Ban san wa zan gaya wa ba sai kai.”

Ya shiga gida ya karanta wa Hajiya. Ta ji shi har ƙarshe. Sannan ta tashi ta ɗauko kwandonta, wanda ke da sabulu da ganyen magarya da turare da farin yadi.

“Nemo mota. Ba don kai ba, ba don ita ba. Musulma ce, in ba a wanke ta ba duk muna da laifi.”

Matan ƙauyen na tsaitsaye daga nesa suka ga baƙuwar Hajiya ta yi sallama ta shige. Mardiya ce ta zuba mata ruwa. Da aka kai Tani aka dawo, Hajiya ta ce a bar ta nan, za ta kwana uku.

Sai a hanyar komawa ta yi magana, tana kallon gero ta tagar mota.

“Na wanke gawar mata ban san iyaka ba. Ban ga abin da ke jikin Tani da babu a nawa ba. Sai kanta. Da na zo warware kitso, na gan shi a karkace, gaba ya yi kyau, ƙeya duk a cukurkuɗe. Da kanta take yi wa kanta, Mutawakkil. In yarinyar na makaranta, ba mai taɓa mata kai.” Ta goge ido da bakin mayafi. “Yarinyar kuwa ko hannunta bai yi rawa ba. Sai da na ce, ‘Ɗiyata, miƙo ruwa,’ sannan ta zube.”

Bayan kaka aka ɗaura aure a Dutsin-Ma. Wasu dangi ba su zo ba, kawu ya aiko da uzurin ciwon ƙafa. 'Yan benci kuwa sun zo kusan duka, don ba a san mu da ƙin abin kyauta ba. A cikin sito aka yi walima, an kwashe buhunan tagogi. Aka ci tuwo da miyar kuka har ana neman ƙari, sannan Hajiya ta aiko a sanar cewa daddawar miyar ta marigayiya ce, ta ƙarshe da ta shanya. Magidancin nan mai 'ya'ya bakwai ya kwana yana sauraren cikinsa. Lafiya lau ya tashi.

Kitson amarya kuwa Hajiya ba ta bar wa kowa ba. Ta zaunar da Mardiya tsakanin ƙafafunta, ta fara daga ƙeya, a hankali. Wayar amarya ta yi ƙara a cinyarta.

“Lauyata, an ce kin shigo gidanmu. Ba ki ji tsoro ba?”

Ta rubuta, hawaye na ɗiga kan gilashin: “A'a, Malam Dodo. Akwai mutum a ciki.”

“Daina motsi, ɗiyata, kada ya karkace,” in ji Hajiya. Ta kama wani layin ta ci gaba. “Allah Ya jiƙan wadda ta haife ki, Ya sa ta huta. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku 'ya'ya masu albarka. In mace ce ta fari, na riga na san sunanta, kuma ni zan riƙa kiran ta da shi a bakin ƙofa, da ƙarfi, kowa ya ji.”