Golan Da Mijina Bai Manta Ba

Kwana da kwanaki ke nan abu ɗaya ya hana ni sukuni. Ban yi karatu mai zurfi ba, ku yi haƙuri da rubutuna. Na dai ga gara in faɗa muku, ko wani zai hango abin da na kasa hangowa.

Mijina makanike ne, ya yi shekaru yana gyaran manyan motoci a wani kamfani, kuma shi ne mai tsaron baya a ƙungiyar ƙwallon ma'aikatansu. Katanga suke ce masa. Yanzu ciwon mantuwa ya kama shi, irin wanda ke zuwa da tsufa. Da farko makulli yake ajiyewa a firij, muna ta dariya. Daga baya ya fara tambayata yaushe mahaifiyarsa za ta dawo daga kasuwa, matar da ta rasu tun kafin in haifi Auta. Ranar da ya dube ni a falo ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" banɗaki na shiga na buɗe famfo don kada a ji kukana.

Likita ya tura mu sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibiti, ya ce akwai zaman da ake yi wa tsofaffi irinsa duk mako. Ni da Auta muka kai shi. Ɗaki ne a ƙarshen baranda, an jera kujerun roba a zagaye. Kan tebur akwai tsofaffin jesunan 'yan ƙwallo, da usur, da hotuna marasa kala, da wata ƙwallon fata mai ɗinki. Mai kula da zaman nas ne, saurayi dogo mai manyan hannaye. Tun a ƙofa ya tambaye mu me Baba yake so a da, da sunan da abokansa ke kiransa. Dokar zaman ɗaya ce, wanda ƙwallo ke hannunsa shi ke magana.

Da ta zo hannun mijina sai ya danna ta da babban yatsa, ya ce, "Iska ta yi kaɗan." Ba zato ya wurga wa nas ɗin ita da ƙarfi. Yaron ya cafe, ya rungume ta a ƙirji.

Mijina ya miƙe tsaye. "Gola? Kai ne? Ina ka shige duk tsawon lokacin nan?"

Golan ƙungiyarsu amininsa ne, ya rasu da daɗewa. Na buɗe baki zan gyara masa, nas ɗin ya ɗan girgiza mini kai. Ya ce, "Katanga, zauna ka ba mu labarin wasan da ya fi ba ku wahala."

Mutumin da ya manta sunana sai ga shi yana jero 'yan wasansu ɗaya bayan ɗaya, har da rafalin da ya ba abokan hamayya fenariti saboda ƙanin matarsa na cikinsu. Tsofaffin nan suka yi ta dariya, wani yana cewa ƙarya ne.

Da aka tashi nas ɗin ya ce da ni, "Mama, ban ce masa ni ne ba, ban kuma ce ba ni ba ne. In kika gaya masa amininsa ya rasu, yau zai ji mutuwar sabuwa fil, gobe ma haka."

Duk ranar zaman nan mijina yakan ci abinci, ya yarda a yi masa wanka ba faɗa. Wani lokaci a hanyar dawowa har sunana yake kira.

Auta malamar firamare ce, ita ta ɗauki nauyin kai shi. Ban daɗe ba na lura tana goge mayafi tun da safe.

Na ce, "Asibiti za ki ko biki?"

"Umma, tsafta ce kawai."

"Tsaftar har da turare?"

Ta rufe fuska ta gudu ɗaki. Wallahi na yi murna da na gane nas ɗin ne, don yaron ya kwanta mini.

Da ya zo gida gaishe ni, ya zauna a ƙasa ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Mama, da aure nake son ta. Amma akwai dokar aikinmu. Dole in sanar da Sista, shugabar sashenmu, kuma ba a barin ma'aikaci ya kula da surukinsa. Za a mayar da ni wani ɓangare, wani ya karɓi zaman ƙwallon."

Na ce wannan mai sauƙi ne, ai in ya zama ɗan gida kullum ma sai su yi hirar ƙwallonsu a falo. Ya roƙe ni kada a yi wa Baba maganar tukuna. Ni kuwa gani na yi uba ne, bai kamata a nemi 'yarsa yana ɗaki bai sani ba. Na shiga na fito da shi.

Yana ganin yaron ya washe baki. "Gola, yau kai ne a gidana?"

Na ce, "Baban yara, Auta ya zo nema."

Ya yi dariya har da tari. "Wannan tsohon? Da furfurarsa?" Da ya ga ba wanda ya yi dariya, sai fuskarsa ta canja. "Kai da muka tashi tare, ka rasa wadda za ka sa wa ido sai 'yar cikina? In kana da ɗa ka kawo shi. Fita mini daga gida."

Har ƙofa ya bi shi da takalmi a hannu.

Washegari ya manta an yi. Amma daga ranar, duk lokacin da ya ga yaron a gidanmu ko kusa da Auta, sai ya fara zagi, shi kansa bai san dalili ba. Nas ɗin ya ce haka ciwon yake, abin da ya faru yana gogewa, zafinsa ya zauna. A ɗakin asibiti ne kaɗai, in ƙwallo na tsakaninsu, yake komawa amininsa.

Duk da haka yaron ya sanar da Sista, aka sauya shi. Wata nas mai kirki ta karɓi zaman. Mijina ya tura ƙwallon ƙarƙashin kujera, ya juya yana kallon ƙofa. A gida ya daina cin abinci, wai an sayar da Gola ga wata ƙungiya ba a yi shawara da shi ba. Ya rame, wandonsa na zamewa. Wata rana da azahar muka neme shi muka rasa, sai a bakin babban titi wani mai shago ya riƙe mana shi, ba takalmi, wai filin wasa zai je ya dawo da Gola.

Ni na je na sami yaron a barandar asibiti. Na ce, "Ɗana, ku ɗan dakata da maganar nan, ka koma masa. Na ɗan lokaci ne."

Ya ce, "In na koma, Mama, sai dai mu daina haɗuwa da ita gaba ɗaya. Ba zan ce wa Sista an ajiye magana alhali ba a ajiye ba."

Auta ta ce, "Na yarda, Umma. Babana ne."

Ya koma, mijina ya farfaɗo. Ni na ci gaba da kai shi, Auta ta daina goge mayafi. Fiye da shekara ke nan. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, sai dai takan tambaye ni in mun dawo, "Yaya zaman yau?" In ce lafiya. Ta tsaya kamar akwai saura, sannan ta wuce kicin.

Makon jiya mahaifiyar yaron ta zo. Mace ce mai mutunci, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "'Yar'uwa, ni ma uwa ce. Ɗana ya ƙi kallon kowa, ƙannensa sun yi aure sun bar shi. Kin ce na ɗan lokaci ne. Wane lokaci? Ciwon nan ana warkewa?"

Na ce ba a warkewa.

"To me yaran nan suke jira?"

Ni da ita duk mun san amsar. Ta ce kafin ƙarshen watan nan in faɗa mata matsaya, ko a yi, ko kowa ya kama gabansa.

Bayan ta tafi na tarar da Auta tana yanke wa babanta farce. Sai da ta gama ta biyo ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce, "Umma, ba jiran ne ya dame ni ba. Rannan da Baba ya yi zazzaɓi, ina shafa masa ruwa, sai wani tunani ya zo mini. Na yi ta istigfari. Ina tsoron in zama 'yar da ke ƙirga wa ubanta kwana." Ta kifa kai a cinyata, muka yi ta kuka.

A nan na gane haƙuri abu ne mai kyau, amma bai kamata uwa ta ɗora wa 'yarta haƙurin da ƙarshensa sai an ɗauki gawa ba. Na kuma gane in masu aikin nan suka ce a bi mai ciwon mantuwa a hankali, sun san abin da suke faɗa. Da na ji maganar yaron ranar nan, wataƙila da yanzu yana shigowa gidana da ƙwallo a hammata.

Jiya na kai shi zaman. Na zauna a baya ina kallo. Ya wurga ƙwallo, yaron ya cafe, mijina ya ce, "Hannunka na nan, Gola." A mota ya dafa hannuna ya kira sunana, ya tambaye ni ko na ci abinci. Mun iso gida Auta ta buɗe mana ƙofa, ya ce da ita, "Sannu 'yammata, 'yar gidan wa ce?" Ta yi murmushi ta karɓi sandarsa.

In na ce a yi auren, na raba mijina da awa ɗayar da yake dawowa mutum a cikin mako, kuma ban san ko jikinsa zai sake ɗaukar wannan rashin ba. In na ce a ƙara jira, matar nan za ta janye ɗanta, kuma ba zan ga laifinta ba. Auta ta ce duk abin da na yanke ta bi, shi ma yaron haka ya aiko. Shi kuwa wanda ya kamata in yi shawara da shi yana nan falo yana jiran mahaifiyarsa ta dawo daga kasuwa.

Iyaye 'yan'uwana, da ku masu aikin jinya da kuka san ciwon nan, wata ya kusa ƙarewa. Me zan ce wa matar nan?