Taku Bakwai Zuwa Allo

Da safe ƙarfe bakwai da rabi, Maɓalli na zaune a kan tabarma, ta sunkuya cikin farantin burodi da ƙwai har hancinta na neman taɓa shi. Uwarta ta ɗago kai daga keken ɗinki ta ce ta gyara zama kafin kakanta ya fito. Shekarar yarinyar biyar da wata huɗu, kuma ta samo wannan suna ne tun tana rarrafe, don ba ta da abin wasa sai gwangwanin maɓallan uwarta.

Uwar, Anti Tela ake ce mata a unguwa. Mijinta mai gyaran fanka da firij ne, kuma auren soyayya suka yi. Tana koyon ɗinki aka kira shi gyara a shagonsu, fankar ta lalace sau biyar a wata guda, sai bayan aure ya amsa cewa da gangan yake ƙin ɗaure wayar da kyau.

Gidan na mahaifinsa ne, wanda kowa ke kira Hedimasta. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa, ritayar ma ba ta raba shi da alli ba. Da jikarsa ta kusa shiga firamare sai ya kafa allo a bangon falo, ya auna taku bakwai da ƙafarsa, ya ajiye benci. Haka aji yake, in ji shi, ɗalibi a mazauninsa, allo a mazauninsa. Ko shara ake yi ba mai taɓa allon nan.

Wata uku ana abu ɗaya. Ya rubuta harafi, Maɓalli ta ƙanƙance ido ta faɗi wani dabam. In ta zame daga benci za ta matso, ya buga rula a tebur ta koma. Ran wata Asabar, gaban ɗansa da babbar 'yarsa da 'yan'uwa biyu da suka zo gaisuwa, ya lissafa laifuffukan yarinyar. In ya shigo gida ba ta gaishe shi sai ya yi magana. Tana cin abinci kamar kyanwa. In an ce ta kwaso kayanta daga igiya, sai ta kwaso singiletin ubanta. Ga karatu babu. Ya ce laifin ba na yarinya ba ne, na uwar da ta fi kula da keke ne. Ƙarshen wata gwaggonta, wato babbar 'yar tasa, za ta tafi da ita ta riƙe ta, a ga ko tarbiyya za ta shiga.

Anti Tela na durƙushe ta kawo ruwa aka faɗi haka. Ta dubi mijinta, ya dubi tabarma. Ita ce fa mai tashi da asuba ta goge kayan yarinyar, ita ke tsaya mata har ta cinye abinci, amma ba wanda ya tambaye ta komai. Ta ce, “To, Baba,” ta koma ɗaki, hawaye ya jiƙa yadin wata mata.

Sai ta shiga ɗinka wa 'yarta kayan tafiya, don ba ta yarda a ce ta fita daga hannunta da tsofaffin riguna ba. Tana gwada ta da tef, sai yarinyar ta jawo bakinsa dab da idonta ta ce, “Umma, ashirin da biyu.” Hannun uwar ya tsaya. Ta matsar da yatsa gaba a kan tef ɗin, yarinyar ta ce ashirin da shida. Lambobin tef ɗin ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Ta ɗauki allin ɗinki ta rubuta haruffa a kan ƙyalle, Maɓalli ta karanta su tas, wai ai tana jin Kaka yana faɗi, kuma tana leƙa littafinsa in ya tafi masallaci. Uwar ta ja da baya har bakin ƙofa ta ɗaga yatsu uku ta ce nawa ne. Yarinyar ta ƙanƙance ido ta ce, “Biyar?”

Da mijin ya dawo cin abincin rana ta gaya masa duka. Ya daɗe yana juya cokali, sannan ya ce mutumin da ya koyar da rabin unguwar nan, shi wa zai iya ce masa ya yi kuskure? A bari tukuna ya huce.

“Sau biyar ka ɓata fanka don ka gan ni,” in ji ta a hankali. “Yanzu sau ɗaya nake roƙo ka buɗe baki don 'yarka.”

Ya gama cin abinci ya koma aiki. Ba ta yi yaji ba, ba ta fasa kai wa Hedimasta shayinsa a kan lokaci ba, ta ci gaba da ɗinki.

Ranar tafiya gwaggo ta iso da hantsi. An ɗaure jaka, an sa wa Maɓalli sabuwar riga shuɗiya. Hedimasta ya ce sai an yi darasin ƙarshe, don gwaggo ta ga irin aikin da ke gabanta. Ya rubuta layi uku, yarinyar ta hau benci, ta ƙanƙance ido, ta yi shiru. Gwaggo ta ce lallai akwai aiki.

Nan uban Maɓalli ya ajiye jakar da ke hannunsa. Ya wuce gaban mahaifinsa, ya ce, “Baba, ka gafarce ni,” ya ɗaga allon daga ƙusa. Ɗan ya durƙusa gaban bencin, ya riƙe allon dab da fuskar 'yarsa. Maɓalli ta sa yatsa, ta bi layi na farko, ta bi na biyu, ta bi na uku, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ta gama ta ce, “Kaka, ashe rubutunka yana da kyau.”

Hedimasta ya zauna. Ya cire nasa tabarau ya daɗe yana kallonsa. Ya ce yara nawa ya dawo da su layin gaba a aji saboda irin wannan, amma tasa jikar ya kasa gani.

Ran Litinin aka je asibitin ido, bayan mako guda tabarau ya fito. Maɓalli ta tsaya a tsakar gida tana ƙirga ganyen bishiya, ta hango kakanta tun daga ƙofa ta ruga tana gaishe shi, sannan ta tambaye shi yaushe ya tsufa haka. Ya ce amaryar da ta fara raina miji tun yanzu, sai a sake shawara.

Amma bai bar maganar a nan ba. Asabar da ta biyo ya aika aka kira gwaggo da 'yan'uwan nan biyu, ya ce kowa ya zauna inda ya zauna wancan karon. Ɗaya ya ce ai abin ya wuce. Hedimasta ya ce bai wuce ba, a gaban mutum huɗu aka ci zarafin baiwar Allah, a gaban mutum huɗu za a wanke ta. Ya miƙe tsaye kamar a taron makaranta, ya fuskanci Anti Tela.

“'Yata, na ɗora miki laifin da ba naki ba. Na yi hukunci ban yi bincike ba, abin da nake hana ƙananan malamai. Ki yafe mini.”

Ta ce ba komai, Baba. Sai ya juya kan ɗansa ya ce shi ma bai tsira ba: ya ji gaskiya ya zauna a kanta kwana goma sha ɗaya, biyayya ba ta ce a bar uba cikin kuskure ba. Ɗan ya dubi matarsa, wannan karon bai dubi tabarma ba, ya ce ta yi haƙuri. Da suka koma ɗaki ya ƙara da “sori, madam,” ta ce ya je ya duba fankar ɗakin ɗinki, kuma ya ɗaure wayar da kyau.

Haƙurinta ya riƙe gidan, amma da mijin bai tashi ya ɗaga allon ba, da haƙurin bai hana a tafi da yarinyar ba. Kafin a kira yaro daƙiƙi ko uwarsa sakarya, a matso kusa a ga abin da yake gani. Allon ya koma kan ƙusarsa, benci na nan a taku bakwai, Maɓalli kuwa daga can take karantawa yanzu, uwarta na jiyo muryarta ta cikin ƙarar keke.